Yashin da Ciyawa Ba Ta Fitowa a Cikinsa

Abin da na fara gani da na dawo hutu, na leƙa bayan gidanmu, shi ne launin ƙasa. Lokacin da na tafi makaranta a Anka baƙa ce. Yanzu ta koma ruwan toka, mai laushi kamar gari, tana ɗan ƙyalli idan rana ta taɓa ta.

Yayana Lawali ne ya gyara wurin da hannunsa. Ya ga hotunan lambunan gidajen birni a wayarsa, ya ce shi ma sai ya yi. Ba zan ce bai sha wahala ba. Ya cike kwarin da ruwa ke kwanciya, ya ja igiya ya fitar da hanyoyi, ya jera duwatsu a gefensu ya shafa musu farar ƙasa, ya yanka tsoffin tayoyi ya shuka furanni a ciki. Lallen Kaka kuwa ya sare shi, wai yana tare gani. Sannan ya shimfiɗe hanyoyin da wannan yashi.

"Kin gani, 'yar boko?" ya ce, yana dariya. "Wurin wanki na ɗebo shi da baro. Ko ciyawa ba ta hitowa cikinai. Ba shara, ba noma."

Wurin wanki shi ne bakin rafin da ake wanke niƙaƙƙen dutsen zinari, a tara ragowar yashin a gefe. Sai ga autanmu Habibu yana rarrafe a tsakiyar hanyar, tafin hannunsa ya yi fari, yatsa biyu a baki.

Wannan fili lambun Kaka ne, mahaifiyar Baba, Allah ya ji ƙanta. Ina goye lokacin da gubar dalmar da ke cikin dutsen zinari ta kashe yara a ƙauyukan yankinmu. Daga baya mutane suka zo da shebur suka kankare ƙasar gidaje, suka zuba wata. Bayan gidanmu ya zama fayau. Kaka ce ta riƙa zuwa fadama da daro a kai, tana ɗebo baƙar ƙasa, tana cakuɗa ta da takin awaki. Ta shuka zogale da yakuwa da rama, ta dasa lemun tsami, ta kewaye da lalle. Ta ajiye buta a bakin shiga. Duk wanda ya dawo daga ramin zinari, ko Baba ne, sai ya cire takalmi ya wanke ƙafa kafin ya taka mata ƙasa.

A can ta kafa murhunta. Bayan magariba, kafin tuwo ya nuna, muke zagaye ta, hayaƙin kara yana shiga mana ido, ƙanshin daddawa yana ja mana yunwa. Takan gyara itace ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ga ta ta iso, wa za ya tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne!" Ni daga baya nake zama, ina kallon yadda wuta ke haska zanen da ke kumatunta. Lawali kuwa gaba yake ƙwacewa. Takan dungure masa kai ta ce, "Maigidana, matsa, ka tare min haske, ga ka ko cefane ba ka yi."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wani mutum ne mai son a yabi gidansa. Ya haƙa rami ya wuce inda saiwar kuka ke tsayawa, ya tarar da ƙasa mai walƙiya. Wata tsohuwar tururuwa ta fito ta ce masa ƙasar sama ce aka ba mutane, ta can ƙasa an ɓoye ta ne da dalili. Ya ture ta da yatsa. Ya kwaso ƙasar ya daɓe tsakar gidansa, mutane suna zuwa kallo har daga wasu garuruwa. Washegari kazarsa ta yi kiwo a wurin, ta faɗi.

"Sai yac ce mi?" Kaka ta tambaya.

"Kaza ce kawai!" mu amsa da ƙarfi, muna dariya.

Sai ɗan akuya ya lashi daɓen, ya yi ta juyi, ya faɗi.

"Sai yac ce mi?"

"Akuya ce kawai!"

Sai 'ya'yansa biyu, Sani da Nana, suka fito wasan ƙasa.

A nan kullum take tsayawa. Ta ɗauki muciya, ta buɗe tukunya, ta ce tuwo zai kama. Mu yi ta roƙo, ta ce, "Wanga dai ya ishe ku. Ku tai ku wanke hannu." Haushinta nake ji a lokacin. Na ɗauka rowar labari take mana. Na dai lura cewa da zarar an ambaci tururuwa, Inna takan tashi ta shige ɗaki, ko da tana tsakiyar tankaɗe.

Sai da na shiga makarantar kwana na gane. Na ba wa ƙawayena 'yan Gummi da Bukkuyum labarin, babu wadda ta taɓa jin sa. Kaka ce ta ƙirƙire shi. Sani da Nana kuwa yayyena ne, su ne tsakanin Lawali da ni, gubar nan ce ta ɗauke su. A gidanmu ba a kiran sunansu, don haka ta sa su a tatsuniya, inda ba mai hana ta. Ƙarshen da take ƙin faɗa, duk babban da ke gidan ya san shi.

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Lawali ya san su. Ya goya Sani, an ce bayan rasuwarsa har ya yi kwanaki ba ya cin abinci. Muryarsa ce ta fi ta kowa tashi wajen "akuya ce kawai." Yanzu shi ne ya tura baro ya kawo abin nan har gindin lemun Kaka, yana murna wai ciyawa ba ta fitowa, bai tsaya ya tambayi kansa me ya hana ta ba. Inna ta gani, ta yi shiru don kada ta karya masa gwiwa. Baba ya gani, har ya ce wuri ya yi kyau. Ashe mutum yana iya haddace labari tun daga farko har inda aka tsaya, ya girma bai ji komai ba.

Na ɗauke Habibu. Ya yi ta ihu yana miƙa hannu wajen yashin. Na wanke masa hannu da baki da sabulu, na goya shi, na ɗaure zanen tamau. Na tarar da Baba a zaure yana gyaran fartanya. Ban taɓa fara yi masa magana ba sai ya kira ni. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah ka sa a toshe hanyar bayan gida yau, kada Habibu ya sake shiga. Ka ce wa Yaya ya kwashe yashin nan ya mai da shi inda ya ɗebo. In ya ƙi, ka ara min shebur ɗinka."