Motar Wancan

Yayana shi ne ɗan farin Inna, don haka tunda na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. “Wancan” take ce masa. In ya shigo gaishe ta, sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. Ranar da na dawo da gawarsa daga asibiti a Kano, na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata, ta ce Allah ya sa ya huta, ta tashi ta ɗora tukunyar masu zuwa gaisuwa. Ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Mata suna ta yaba mata alkunya, ni kuwa haushinta nake ji, wallahi har cikin ƙashina.

Abin da ya bari a gidanmu na Rogo wata jar mota ce mai kujera biyu, ta gudu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Yaya dillalin motoci ne, daga Kwatano ya shigo da ita, ta ƙi sayuwa. To wa zai sayi motar da ba ta ɗaukar buhun masara? Sai ya riƙe abarsa. Duk sanda ya zo gida, kafin ya kashe ta sai ya taka totur ta yi ƙara, unguwa ta san ya iso. Inna takan ja tsaki ta ce, “Wancan mai hayaniyar ya zo,” amma kafin ya gama cire takalmi an dama fura.

Bayan addu'ar arba'in muka tura motar cikin rumfar kwano a tsakar gida. Ni bakanike ne, garejina yana Karaye. Wata Juma'a na je gaida Inna, tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, “An ce ƙarfe in ya zauna lalacewa yake. Ka riƙa tayar da motar wancan.” Tun daga ranar, kowace Juma'a bayan masallaci nakan hau babur in je in tayar, in ɗan taka mata. Inna ba ta fitowa. Amma na lura da zarar injin ya kama, duk abin da take yi sai ya tsaya, tana zaune bayan labule har in kashe. Ita ke nan hanyar da ta rage mata ta jin ɗanta ba tare da wani ya ce ta yi rashin kunya ba, kuma na san in motar nan ta yi shiru, ba ta da wata.

Da damina ta yi tsakiya, ruwa ya cinye wani kwalbati a hanyarmu, Juma'a ta wuce ban je ba. Washegari telan da ke maƙwabtaka da Inna ya kira ni. Wai Inna da kanta ta ɗauki makulli ta shiga motar. Ta sha hango ni ta labule, ta san inda ake murɗawa da inda ake takawa. Abin da ba ta sani ba shi ne ana ɗaga ƙafa. Ta danne totur har ƙasa, motar ta kurma ihu, ta firgita ta ƙara dannewa. Yaya kuwa, Allah ya gafarta masa, tuntuni ya sa aka cire abin da ke hana injin wuce ƙa'ida, wai yana rage masa gudu. Sai da telan ya haura katanga ya zare makullin.

Na zagayo ta doguwar hanya na isa da hantsi, ina tafe ina faɗa ni kaɗai a kan babur. Haba Inna! Tsohuwa da ke, me ya kai ki? Amma da na gan ta a bakin murhu, ƙafarta ɗaya a kumbure, sai faɗan ya maƙale. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ya faru. Can ta ce, “Ka tayar mu ji ko lafiyarta ƙalau.”

Na ce, “A'a Inna, sai na buɗe na duba.”

Telan ya leƙo yana cewa ai da kunnensa ya ji ta mutu lafiya, ba ƙwanƙwasa ba hayaƙi, in murɗa kawai. Na ce masa ya koma kan kekensa. Irin wannan ciwon ba ya kuka. A saman inji akwai bawul-bawul masu buɗewa da rufewa, kowanne da sifirin ɗinsa, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da shi ya rufe, a kan sifirin kuma akwai ɗan ƙarfe kamar hula da ke riƙe shi. In inji ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa, hular nan ce ke tsagewa ta ƙarƙashi, inda ido ba ya gani. Mota za ta tashi lafiya lau, har ranar da hular ta saki, bawul ya faɗa kan fistin da ke hawa da sauka a cikin inji, inji ya tarwatse.

Na shimfiɗa buhu, na kwance murfin saman injin, na jera notocin a faranti. Warin baƙin mai ya taso, na ji kamar Yaya yana tsaye a bayana yana cewa in yi a hankali kar in karce masa fenti. Na goge man da tsumma, na haska tocila ina bin hulunan nan. Ta farko lafiya, ta kusa da ita ma lafiya, har na fara cewa alhamdulillahi. Sai na iso ga wata da kan bawul ɗinta ya nutse ƙasa fiye da na 'yan'uwanta. Kaɗan ne, kamar kaurin farce. Na sa yatsa na shafa, na sake shafawa. Na danne sifirin na zare hular, na juya ta a tafin hannuna. Ga tsaga nan siririya ta fito daga ramin tsakiyarta ta nufi baki. Na ci gaba, na sami wasu ma haka. Na zauna a kan tayar gaba.

Na kira duk wanda na sani a kasuwar kayan mota a Kano ina neman irin hulunan. Wani ya yi dariya ya ce ko sunan motar bai taɓa ji ba. Wani ya ce sai dai in an yi sa'a wata irinta ta yi hatsari an yanka ta ana sayar da kayanta. Maƙeri zai iya ƙera mini mai kama da ita, amma na san ba za ta jure ba, kuma ba zan so injin Yaya ya fashe a kunnen Inna ba.

Na mayar da murfin, na wanke hannu da toka, na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ban shirya abin da zan ce ba. Bakina ne ya yi gaba, na ji na ce, “Inna, sai dai haƙuri.”

Ta ce, “Ba za ta ƙara tashi ba?”

Na ce, “Ba yanzu ba. Wataƙila ma shi ke nan.”

Ta dube ni, ta dubi rumfar. Sai ta ɗora hannu biyu a ka ta fasa kuka, irin wanda ban taɓa sanin yana cikin ƙirjinta ba. Na ruɗe ina cewa Inna ƙarfe ne fa, Inna don Allah, ni ma hawaye na zubo mini.

Kafin in ankara matan maƙwabta sun cika gidan, wata da ludayi a hannu, suna salati suna tambayar wa ya rasu. Inna ta nuna rumfar da haɓa, da ƙyar ta ce, “Mota ce ta lalace.” Wata amarya ta buɗe baki za ta yi magana, tsohuwar da ke dama furar sayarwa a bayan gidanmu ta harare ta. Tsohuwar ta shiga ɗaki ta jawo tabarma ta shimfiɗa, ta zauna kusa da Inna, sauran ma suka zazzauna. Ta kama hannunta ta ce, “Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.”

Inna ta ce amin da ƙarfi, kowa yana ji.