Kawu da Garin Gawo

Kawuna mutum ne da bai yarda ko ƙwaya ta salwanta ba. Awaki yake kiwo, kuma abin da ya riƙe su shi ne tsofaffin itatuwan gawo da ya gada a gonarsa. In rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, wasu su karyar da dabbobinsu a kasuwa, shi kuwa ya ɗauki buhu ya je ya tsince 'ya'yan gawon da suka zubo. Da su yake kai awakinsa damina.

Wata rana yana sharar turke ya lura ƙwayar gawon tana fita a kashin awaki yadda ta shiga, ko tsagewa ba ta yi ba. Abin ya tsaya masa a rai.

"Dubi asara!" ya ce wa matarsa. "Na yini a duƙe, su haɗiye su zubar min?"

Daga ranar sai inji. Ya niƙe kwasfa da ƙwaya ya zama gari, ya gauraya da dusa. Awaki suka yi ɓul-ɓul, nono ya ƙaru, maƙwabta duk suka kwaikwaye shi. Kawu ya riƙa tafiya kamar shi ya ƙirƙiro akuya. Ni ma na yaba masa, har gobe abin yana ci min rai.

Shekaru suka ja. Iska ta kayar da gawo ɗaya, wani ya ruɓe daga ciki. Maƙwabta suka sayar da nasu ga masu gawayi. Na ƙarshe a gonar Kawu ya bushe a tsaye, bai ko yi fure ba. Kawu ya zagaye gonar yana neman ƙananan da za su maye gurbi, bai ga ko ɗaya ba. Da can takin awaki ne ke kai ƙwayar gona ta tsiro, ba wanda ya taɓa kula.

"Malam, su ne fa suke shuka maka," in ji matarsa. "Kai ka hana su."

A ranin nan awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya, a farashin wulaƙanci.

Da na je gaishe shi, na same shi a ƙofar rumbu da rariya a cinya, ya zazzage buhun garin da ya rage yana tankaɗewa.

"Kawu, me ake nema?"

"Ko ƙwaya ɗaya inji ya tsallake," ya ce, bai ɗago kai ba.

Na zauna na taya shi. Mai injin nan ya iya aikinsa, gari ne zalla.