Dakta Ivanilde, Mai Ɗakin Ƙasa

Ƙarfe shida na safe take saukowa ɗakin gwaji da ke ƙarƙashin asibitinmu a São Luís, da kwanon kifi da garin rogo a jaka. Ɗakin ba shi da taga. Ta kunna fitila, ta jawo madubin hangen ƙwayoyin cuta, ta shiga duba 'yan yankan naman da likitocin tiyata suka aiko. Shekara talatin da ɗaya Dakta Ivanilde Serejo tana wannan zama, yawanci ita kaɗai.

Akasarin naman na masunta ne da manoma masu sankarar mazakuta, cutar da kunya ke sa namiji ya ɓoye har sai ta ci rabinsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin maza, ina ganin fuskokinsu. Ita lamba kawai take gani a jikin gilashi.

Ba na manta ranar Seu Valdemiro, wani masunci da aka shirya yanke wa gaba ɗungurungum. Muna shirin tura shi tiyata sai ga ta a bakin ƙofa tana haki.

"Jurandir, ajiye wuƙarka," ta ce wa likitan tiyata.

Ya yi dariya. "Yau kuma mutanen rami sun fito shan iska?"

"Rufa mini baki. Irin wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa ce, kuma a fata ta tsaya, ba ta nutsa ba. Sau uku na sake yanka ina dubawa. Cire wurin kawai."

Haka aka yi. Valdemiro ya koma ƙauyensu da mutuncinsa. Bayan wata biyu ya kawo wa Dakta Jurandir kwandon jatan lande, yana hawaye yana godiya. Ke kuwa, Dakta Ivanilde, sunanki ko sau ɗaya bai ji ba. Da na gaya miki, cewa kika yi, "Yana fitsari lafiya? To shi ke nan."

Ke ce idon da marasa lafiya ba su san yana kallonsu ba. Ranar Juma'a za ki yi ritaya, ki koma gidan da babu kowa tun rasuwar maigidanki, kuma har yau ba wanda ya nemi kujerarki.

Mun gode, Dakta. Ku kuma sababbin likitoci, ku sauka ku gaishe ta kafin Juma'a. A cikinku wani ya zauna ya koya.