Hular da Dalhatu Ya Ɗauko a Kwatano

Dalhatu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ina da bakin faɗa: ban taɓa ganin mai raina abin mutane kamarsa ba. Manomin gero ne a Kurawa, zanen Gobir raɗau a kumatunsa, kuma da rumbu kaɗai yake auna mutum. In ba ka da rumbu, ko jirgin sama ka saya, a wurinsa maroƙi ne kai. Ya haura sittin bai taɓa wuce Sakkwato ba, nan ɗin ma cewa ya yi garin 'yan awo ne.

Mutum ɗaya ke sa shi dariya, Lasisi, Bayaraben bakanike na kasuwar Sabon Birni. Bagobiri da Bayarabe taubasai ne, kowa ya san haka a wajenmu. Duk ran kasuwa sai Dalhatu ya fizge masa hula ya kira shi bawansa, shi kuma ya ce kyanwar kakansa ce ta yakushe wa Gobirawa fuska. Daga nan Lasisi ya sayi goro ya fanshi hularsa. Shekara talatin suna wannan shirme.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Is'haƙa, mai sayar da albasa a Kwatano ta ƙasar Binin. Can ya ga wata yarinya, Basira, ya shekara biyu yana lallaɓa iyayenta, har suka ce ya turo manyansa. Dalhatu ya gina wa amarya ɗaki tun ba a ba shi ba, sannan muka kama hanya ni da shi.

Tun da muka tsallaka iyaka bakinsa bai huta ba. Ya leƙa ta tagar mota har Kwatano yana neman rumbun kirki, ya ce bai gani ba. Burodinsu sandar kiwo, tumakinsu gajeru kamar an danne su, zufar garin ba ta bushewa, mata kuma suna tuƙa babur ba ko kunya. Miya duk manja, fura babu. Is'haƙa ya kai mu bakin teku ko zai burge shi. Dalhatu ya tsaya ya daɗe, ya ɗanɗana ruwan, ya tofar.

"Wanga ruwa duka, ba a sha, ba a ba garka? To mi a amfaninai?"

Kunya ta ishe ni, don mai babur ɗin da ya kawo mu yana jin Hausa.

Washegari da hantsi muka je gidan uban yarinyar, Alhaji Kamaluddeen, tsohon malamin makaranta mai sanyin magana. Ya tara 'yan'uwansa, an yi girki, an shimfiɗa mana darduma. Dalhatu ya zauna yana yatsina, sai ya ji maigidan ya yi wa matarsa magana da Yarbanci. Wallahi tun da muka baro gida ban ga haƙoransa ba sai lokacin. A ƙasar nan duka ya samu abu ɗaya da ya sani. Kafin in riƙe masa riga ya miƙe, ya cire wa dattijon hula a gaban surukansa da jikokinsa.

"Ashe gidan bawana niz zo! Tashi ka kawo ma ubangidanka ruwa. Ɗiyar ma tawa ta, ba roƙo za ni yi ba."

Ya tsaya yana jiran a rama. Ba wanda ya yi dariya. Mutanen nan ko sunan Gobir ba su taɓa ji ba. Alhaji ya tambayi Is'haƙa me babansa ya ce, yaron ya sunkuyar da kai. Sai dattijon ya kira Basira, wadda ta iya Hausar kasuwa, ta fassara masa kalma bayan kalma. Na yi ta bayanin taubasantaka har bakina ya bushe. Dattijon ya saurare ni tsaf, kansa ba hula, sannan ya ce a gidansu an san kakannin da aka ɗaure aka fitar ta tekun nan, kuma ba zai aika 'yarsa inda ake wasa da sunan bawa ba. Ya raka mu har ƙofa da ladabi.

Sai a mota na ga hular a aljihun Dalhatu. Ya ce mai ita ya san abin yi, ya biyo da goro.

Yanzu in ka zauna da shi a Kurawa zai ba ka labarin ƙasar da ba rumbu, ba fura, ba mai sanin wasa. Mutane na dariya, ni takaici ke kama ni. Salla huɗu ke nan Is'haƙa bai zo gida ba, in ya kira waya uwarsa yake nema. Ɗakin amarya harawa aka zuba a ciki, hular tana rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Ran kasuwar da ta wuce na gan shi ya bi ta rumfar Lasisi. Bakaniken ya turo hula gaba yana jira. Dalhatu ya yi masa sallama, ya tambayi iyali, ya wuce. Lasisi ya biyo ni da sifana a hannu, yana tambaya ko yayana ba shi da lafiya.