Mayen Ƙarfe a Garin Suna

Wata Laraba ce cikin kakar shekarar da nake aji huɗu, ana gobe sunan ƙanena. An shimfiɗa garin dawar tuwon suna a tabarma yana shan iska, Goggo Delu, yayar babanmu, tana gefe tana ɗinkin hula. Sai allurarta ta karye, tsinin ya yi tsalle ya faɗa cikin garin. Aka tankaɗe har sau biyu, ba a gan shi ba. Goggo ta ce a zubar, ba za ta ciyar da baƙi allura ba. Ga injin niƙa da nisa, sai can Kwanar Dangora, ga la'asar ta yi. Innarmu ta yi tagumi.

Ni kuwa ina da wata dukiya: mayen ƙarfen da na ciro daga sifikar mushen rediyon Baba. Kullum ina jan sa da zare a rafi, yana kwaso baƙin yashi har ya yi gashi kamar bushiya. Na san halinsa sarai. Yana cafke ƙusa da bakin fartanya, amma ko kallon ƙwarya da awarwaron tagulla ba ya yi. Malaminmu ma ya taɓa barbaɗa garin ƙarfe a takarda, ya sa mayen ƙarfe a ƙarƙashinta, garin ya jeru layi-layi. Goggo dai "tarkacen 'yar nan" take ce masa, domin ya sha ɓata min aljihu.

Na wanke shi, na naɗe shi a tsumma mai tsabta, na durƙusa ina bin garin da shi a hankali. Ban kai tsakiyar tabarma ba sai ga tsinin a maƙale, yana ƙyalli. Goggo ta haɗa shi da guntun allurar, suka dace. Ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Kai, 'yar nan, ashe tarkacen naki da rana!" Washegari ni aka fara zuba wa tuwo, har da nama biyu. Daɗi ya kusa kashe ni.

Yau jikokina suna manna irinsa a ƙofar firji, ba ya ba su mamaki. Nawa kuwa Goggo ta ƙwace shi tun ranar, wai aro. Bayan rasuwarta na buɗe gwangwanin ɗinkinta, na same shi a ciki, alluranta duka suna manne da shi.