Kilishin Dakta da Jan Abin Hannu

Ba na jin zan taɓa mance Larabar nan ta mako na biyu a sansanin yara na dogon hutu, can bayan garin Birmingham. Ku sababbin 'yan sa-kai da za ku fara bana, ku buɗe kunne, don ba na son maimaita magana.

Lokacin shekarata guda da zuwa daga Kano, ina zaune wurin yayata a unguwar Levenshulme ta Manchester. Zaman gida ya ishe ni, na cike fom, aka yi mini binciken da ake yi wa duk mai aiki da yara, na hau mota daga Manchester. Ba albashi, sai abinci da makwanci.

Tsarin aikin a fili yake. Shugabar sansani wata Baturiya ce, Karen. Kowane rukuni yara takwas ne da 'yan sa-kai biyu. Duk yaron da wani abinci ke yi wa illa, abin da suke kira allergy, ana ɗaura masa jan abin hannu, allurarsa ta gaggawa kuma tana cikin jakar rukuni. Abincin waje ba ya shiga bakin yaro sai Karen ta ji abin da ke cikinsa ta sa hannu.

Abokin aikina shi ne Dakta Sagir. Ba dakta ba ne tukuna, yana shekara ta biyu a karatun, yana zaune a unguwar Aston ta Birmingham, amma tun ranar farko ya gyara wa Karen yadda za ta kira shi. Takardar shaidar aikin sa-kai ce ta kawo shi, ya ce za ta yi masa amfani in ya koma gida. Ba ya ƙirga yara, ba ya wanke kwano, jakar rukuni kuwa ko da wasa bai taɓa rataya ta ba. Ranar da aka koya mana yin allurar yana can yana danna waya. Da muka fito ya ce mini, "Cutar ƙoshi ce, Zulai. Mu da muka tashi da ƙuli-ƙuli a aljihu, wa ya mutu?"

A rukuninmu akwai Hanifa, 'yar shekara takwas, haifaffiyar unguwar Lozells a Birmingham, iyayenta Katsinawa. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Jan abin hannunta na gyaɗa ne.

Ran Larabar aka ce kowane ɗan sa-kai ya kawo abincin ƙasarsu yara su ɗanɗana. Dakta ya zo da kilishin da aka kawo masa tsaraba. Ya ce wa Karen busasshen naman sa ne da barkono, ta sa hannu. Ina Karen za ta san da tunkuzar gyaɗa ake yin kilishi? Amma shi fa? Ko ɗan goye a garinmu ya san wannan.

Na dawo daga raka yara biyu banɗaki, sai na hango shi tsakiyar fili, ya baje takardar kilishi yana lacca a kan al'ada, Hanifa riƙe da yanki a hannu. Kun san abin da na yi? Na rage tafiya, na ɗan rusuna.

"Sannu da aiki, Dakta. Don Allah, wannan ba kilishi ba ne?"

"Shi ne mana, na gida."

"Ai Hanifa ba ta cin gyaɗa, ga jan abin hannunta nan."

"Ke dai bar yarinya ta san abincin iyayenta. Ɗan wannan ne zai kashe ta?"

Muna cikin wannan shirme Hanifa ta gatsa.

Na kaɓe sauran daga hannunta, na ce ta tofar, amma ta riga ta haɗiye. Kafin ka ce kwabo leɓɓanta sun kumbura, numfashinta na fita kamar usur. Na zaunar da ita, na zuge jakar rukuni, na caka mata allurar a cinya ta saman wando yadda aka koya mana, ina ƙwala wa Karen kira ta nemo motar asibiti. Shi kuwa masanin namu yana tsaye a kaina yana cewa, "A ba ta madara! A tofa mata addu'a!"

"Malam, matsa ka ba ni wuri," na ce. Daga ranar ban sake ce masa Dakta ba.

Hanifa ta kwana ɗaya a asibiti, Allah ya tashi kafaɗarta. Doka ce a rubuta rahoton duk abin da ya faru, kowa ya faɗi nasa a gaban shugaba. Malam Sagir ya zuba Turanci mai tsada, wai rashin fahimtar al'adu ne. Karen ta juyo ta tambaye ni ko ya san da gyaɗa a ciki. Na ce ya sani, don ni da bakina na gaya masa. Na kuma ce ta rubuta cewa na ga naman a hannun yarinya na tsaya ina magana.

Da la'asar aka sallame shi. A bakin ƙofa, jaka a hannu, sai da ya tambayi Karen ko za a ba shi takardar shaida ta kwana goman da ya yi. Kunya ba ta ratsa gidansu ba. Kafin in koma Manchester har ya nemo lambar mijin yayata ya kira shi, wai ba ni da tarbiyya, na tona wa ɗan'uwa asiri a gaban Turawa.

Wannan ko a jikina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zuwan mahaifiyar Hanifa. Ta riƙe hannuna tana ta sa mini albarka, ni kuwa na kasa ɗaga ido, don na san da a ce gudu na yi maimakon rusunawa, da naman bai kai bakin 'yarta ba.

To, ga abin da aikin nan ya koya mini. Za ku haɗu da irinsu Malam Sagir kowace shekara, masu zuwa don takarda, masu ganin duk dokar da ba su tashi da ita ba iyayi ce. Ku girmama su a wurin cin abinci. Amma in kun ga abu a hannun yaro mai jan abin hannu, ku fara fizgewa. Gaisuwa ba ta lalacewa, za ta jira ku.