Ɓawon Ƙwai a Faifan Inno

Duk wanda ya zauna a Zango ta Damagaram kafin farin 1984 ya san Inno mai surfe. In bai san fuskarta ba, ya san ƙarar taɓaryarta. Ni Ramlatu, katanga ɗaya ce ta raba ni da ita shekara goma sha ɗaya, saboda haka kada wani ya ce mini ji na yi. A gabana aka yi, kuma da hannuna a ciki.

Mutuniyar Tirmini ce. Aure ya kawo ta gari, mijin ya rasu ya bar ta da ɗaki ɗaya da turmi, ba ɗa ba jika. Matan manyan gidaje su auna gero su aiko mata, ta surfa, ta wanke, ta daka, ta mayar musu da gari. Ba mai tsayawa a kanta. Ladanta ɗan abin cefane da dusar da ta fita. Kun ga ke nan duk jarinta sunanta ne: ranar da aka ce tana da ɗan hali, ranar turminta ya mutu. Shekara talatin ba a taɓa sake auna garin Inno ba.

Da dusar nan take kiwon kaji, yawanci ma na mutane. Mace ta ba ta kaza, in ta ƙyanƙyashe a raba 'yan tsaki biyu. Haka Hajiya Lubabatu, matar wani ɗan kasuwa a unguwar Birni, ta ba ta wata kaza wake-wake mai yawan ƙwai.

Sai fari ya zo. Gero ya yi tsada, dusa ta zama tuwon mutane. Masu kaji suka kwashe abinsu, saura wake-waken Hajiya kaɗai. Ita ma ta soma sakin ƙwai marar ɓawo, luguɓ kamar fata, yana faɗowa ya fashe, ta juya ta shanye abinta. Daga baya ma ta daina gaba ɗaya.

Inno ta san yunwa ce. Jar dawar taimako da kamyo, babbar motar kaya, yake kawowa, wadda muke shan rana a layi kafin a ba mu, ita take rabawa da kaza. Ta riƙa takawa har tasha wajen Kolo mai shayi, tana roƙon ɓawon ƙwan da ya soya wa direbobi. Ta wanke, ta shanya a faifai, ta ƙona sama-sama, ta daka, ta barbaɗa wa kazar don ƙwanta ya yi ƙarfi. Haka ta ga uwarta na yi a ƙauye.

Ni a lokacin ban san duk wannan ba. Abin da na sani, ran nan na leƙa ta katanga da cikina yana kuka, na ga faifai cike da ɓawon ƙwai. Taku uku ne tsakanina da ita, amma ban tambaye ta ba. Sai da na je layin famfo na buɗe wannan baƙin bakin nawa: “Mu muna cin dusa, Inno tana karyawa da ƙwai!” Aka yi dariya, na ji daɗi har raina. Tir da ni! Magana zarar bunu ce. Kafin sati ta haura Birni.

Hajiya ta zo da kanta, tana ƙamshin turare a shekarar da mutane ke warin yunwa. Idonta ya sauka a kan faifai.

“Inno, ashe kazar tana yi.”

“Wallahi Hajiya ba ta yi. Wannan na mai shayi ne, magani nake haɗa mata.”

“Uhm. To ki riƙe ta, ai ta fi amfani a wurinki.”

Shi ke nan abin da ta faɗa. Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Sati na gaba geron gidanta bai zo ba. Gida uku suka bi bayanta, wai inji ya fi sauri. Inji yana nan tun yaushe? Sai yanzu suka san hanyarsa? Na ji taɓaryar Inno ta yi shiru, na ji tsoro ya kama ni, amma na kama bakina.

Ana cikin haka kazar ta soma tafiya a tattale, wutsiya ƙasa, mara a kumbure, ta tsuguna ta yi ta nishi ba abin da ke fita. Inno ta shafa ta ce ƙwai ne ya maƙale. Har murna ta yi, baiwar Allah! Ta ce mini, “Ramlatu 'yata, in wannan ya fito na kai wa Hajiya da zafinsa, kunyata ta wanke.”

Kun san ruwa a Damagaram ko ba fari. Ruwan alwalarta ta ɗumama a tukunya, ta zuba a ƙwarya ta zaunar da kazar ciki, ita kuwa ta yi taimama. Ta lakato sauran man gyaɗan da ke gindin kwalba ta shafa wa mafitar ƙwan, tana lallashinta kamar mai naƙuda. Kwana biyu ana haka. Rana ta uku da hantsi kazar ta saki wuya.

Malam Idirisu maƙwabcinmu ya fito da wuƙa. “Inno, kawo a yanka tun da sauran numfashi.”

“Ba tawa ba ce, Malam. In na yanka ba izini, a ce na cinye ƙwai na haɗa da uwar.”

Ta naɗe ta a mayafi ta kama hanyar Birni a ƙasa, ni ina biye. Muka tarar da Hajiya tana da baƙi, aka ce mu jira a tsakar gida. Inno ta aika sau biyu: a faɗa wa Hajiya kaza na mutuwa, kalma ɗaya ake so. Aka ce tana zuwa. Rana ta kai tsaka. Ina kallo mayafin ya yi motsi sau ɗaya, bai ƙara ba.

Da Hajiya ta fito da baƙinta, Inno ta roƙi wuƙa a madafa. Tsohuwar da ba ta taɓa mushe ko da ƙafa, ta durƙusa ta farke cikinsa a gaban mata. Ga ƙwai nan ƙato ya tokare hanya, bayansa gwaiduwa jere, manya da ƙanana, sun soma wari.

“Hajiya, ga ƙwanki. Ban ci miki ko ɗaya ba.”

Hajiya ta toshe hanci da gyale. “Ni yaushe na ce kin ci? Wa ya ji a bakina? Amma fisabilillahi Inno, a wannan yunwar ki bar nama ya yi mushe?”

Baƙin suka ce, “Ai kuwa dai.” Wata har da tsaki. Inno ta ɗago ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “To wa ya faɗa?” Ina tsaye a bayanta riƙe da takalmanta.

Geron surfe bai dawo wa Inno ba. Wa zai yarda ya yi kuskure a kan matar da ba ta da kowa? Labarin ɓawo ya zagaye gari, labarin gwaiduwa bai wuce ƙofar Hajiya ba. Da damina ta faɗi Inno ta ɗaure 'yan tsummokaranta za ta koma Tirmini wajen ɗan ƙanenta. Can ta rasu kafin kaka.

Ranar tafiyarta ta mirgino turminta har ƙofar ɗakina, tana haki. Ta ce, “Ramlatu, ajiye mini wannan. Duk unguwar nan ke kaɗai ce ba ki zarge ni ba.”

Na ce, “To, Inno.” Wallahi abin da na ce ke nan. Turmin yana nan a bayan ɗakina, gara ta ci gindinsa, ko barkono ban taɓa dakawa a ciki ba.